Hular Kwano ta Ƙwaryar Iya

Har gobe, in na ji ƙamshin fura a sabuwar ƙwarya sai na shafa goshina. Wautata ce, ban musa ba: na ɗauka duk abin da ya yi siffar hular kwano zai yi aikinta.

Shekarar da soja suka koma bariki Baffa, ƙanin babana, ya dawo daga karatu a Amurka. Tsarabar yaran gida ita ce wata ƙwallo mai kama da gwanda, sai kaset ɗin bidiyo biyu. Damina ce, lungunan Mandawari duk laka. Ana kawo wuta bayan la'asar muka cika ɗakin Baffa, har da 'yan leƙe ta taga.

Kaset na farko na wani wasa ne wai shi besbol. Jama'a, ku yi mini adalci. Mutum ya tsaya riƙe da taɓarya, a jefo masa 'yar ƙwallo, ya ƙi duka, a sake jefowa, ya sake ƙi. Kafin ya yarda ya buga, sai ka je kasuwar Kurmi ka yi ciniki ka dawo. Kakanmu, Baba Tsoho, shi kaɗai ya yaba.

"Wannan wasan masu natsuwa ne," in ji shi. "Kowa ya zaga ya komo gida." Yana faɗa ya fara gyangyaɗi.

Sai aka sa na biyu, ƙwallon Amurka. Wayyo daɗi! Ƙarti kamar bijimai, kafaɗun kowa sun kai faɗin ƙofar gari, sun sunkuya suna harara. Wani ya yi ihu, suka haɗu gwaf! Ɗaya ya rungume ƙwallo ya falfala, wasu suka danne shi har sai da na ji nauyin a haƙarƙarina. Kokawa ce da langa da tsere a tukunya ɗaya. In ka tambaye ni, wanda ya fifita besbol a kan wannan, a duba shi ko zazzaɓi ne.

Baffa ya gindaya sharaɗi guda: ranar da muka jawo masa magana, ƙwallo ta tafi. Muka rantse har da dafa ƙirji.

Washegari muka shirya wasa da yaran Ƙofar Na'isa. Kafaɗu ba matsala, tsummokara muka cusa a riga. Hular kwanon da 'yan wasan ke sawa ce babu. Nan idona ya faɗa kan ƙoren kakarmu Iya, an wanke an kife a rana. Na zaɓi babbar, wadda take dama wa Baba Tsoho fura, na kifa a kai na ɗaure da igiyar shanya. Ba na ganin komai sai yatsun ƙafata, amma zuciyata tana Amurka.

Aka miƙo mini ƙwallo. Na sunkuya, na yi kukan kura, na ruga. Yaran duk suka kauce. Katangar maƙwabcinmu ce kawai ba ta kauce ba.

Ƙwarya ta rabe biyu. Goshina ya yi ƙulu kamar ƙwan zabo.

Iya ta fito riƙe da ludayi. "Maigida," haka take tsokanata, "yaƙin ne ya zo har gida ba a gaya mini ba?"

"Iya, a can ma haka suke yi."

"Da ƙwaryar kakarsu?"

Aka kai shari'a zaure. Baffa ya sunkuyar da kai. Baba Tsoho ya juya ƙwallon, ya matsa ta, ya shinshina.

"Da wasan taɓarya kuka yi, da kun komo gida lafiya," ya ce.

Na ce ai da sai taɓaryar Iya za mu ɗauka. Dariya ta kusa ƙwace masa, ya maida ita tari, ni kuwa na ɗauka na tsira. Sai ya cusa ƙwallon tsakanin bayansa da bango, ya jingina, ya yi ajiyar zuciya.

Yanzu Baffa ya kafa tauraron ɗan'adam, ƙannena suna kallon wasan duk lokacin da suka so, ba mai kifa komai a kai. Ra'ayina dai bai canza ba, har goshina shaida ne. Mai gyartai ya ɗinke ƙwaryar, ta koma ta tsaba. Ƙwallon kuwa ba mu sake buga ta ba. Tana zaure, Baba Tsoho yana jingina da ita.