Mai Kai Wa Ƙudan Zuman Garsby Labari

Elsie Tordoff ta rasu a watan Nuwamba na 1991 tana da shekara tamanin, a ɗakin da aka haife ta, cikin ɗan gidan dutse da ke ƙasan lambun Garsby. Ba ta yi aure ba. Sau biyu ta taɓa zuwa Landan, ta ce na biyun ma kuskure ne. Aikinta kiwon ƙudan zuma, kamar ubanta da kakanta: amya goma sha biyu na katako, jere a gindin katangar kudu. Amyoyin ba nata ba ne, gidan ma ba nata ba ne. Duka na Lod Garsby ne, basaraken yankin. Ƙa'idar kuma kowa ya san ta: muddin akwai ƙuda a lambun, akwai ɗan Tordoff a gidan.

Ban da yankan zuma, akwai wani aiki da ya rataya a wuyan mai kiwon. A wannan yanki na Yorkshire, idan aka yi mutuwa a gida sai an gaya wa ƙudan zuma. In aka ɓoye musu, ko aka yi musu ƙarya, mutane na cewa tashi suke yi su bar gidan. A gidan talaka kalma biyu ta isa. A Garsby abin ya fi haka tsawo. Mai kiwon zai karɓo babban mabuɗin ƙofar gaba, ya ƙwanƙwasa kowace amya sau uku, ya ɗaura mata baƙin ƙyalle, ya ajiye gutsuren kek ɗin jana'iza. In Lod ne da kansa ya mutu, sai ya karanto musu salsalar gidan tun daga tushe, kowa da aikin da ya yi wa ƙasa, ya rufe da sunan sabon maigida.

Tana shekara bakwai ubanta ya sa ta haddace. "Na ɗaya Ralph, da ya tsare wa sarki gada. Na biyu Ralph ɗansa, alƙalin lardi. Na uku Edmund, jakada, teku ta cinye shi. Na huɗu Henry, ya zauna a gida." Haka har zuwa na takwas. Daga baya aka ƙara na tara, Lod Aubrey, wanda ya yi gwamnan wani tsibiri shekara shida kafin ya dawo ya shugabanci alƙalan yanki.

Lod Aubrey 'ya'yansa maza biyu ne, Hugh babba da Gerald ƙarami. A 1944 waya ta zo cewa Hugh ya ɓata a fagen yaƙi a Burma. Uban Elsie ya sa baƙin kwat, ya hau babban gida karɓar mabuɗi. Lod ya tare shi a kan matakala.

"Ba yanzu ba, Tordoff. Ɓata aka ce, ba a ce mutuwa ba."

Bayan shekara biyu aka kafa allon dutse a coci da sunan Hugh. Jan littafin salsalar masu sarauta, wanda ake bugawa a Landan, ya fito da layi ɗaya: ya rasu a yaƙi, 1944, bai bar baya ba. Tordoff ya sake sa kwat ɗinsa ya hau. Amsar ba ta canza ba. Uban Elsie ya mutu a 1949 ba a ba shi mabuɗin ba, Elsie ta gaji aikin. Ke nan coci ta san Hugh ya mutu, littafi ya sani, ƙauye ya sani, ƙudan zuma ne kaɗai ba a gaya musu ba.

Akwai kuma maganar kwalbar farko. Al'adar gidan ce zuman da aka fara yanka a watan Yuni na magaji ne. Daga 1946 Lod Aubrey da kansa yake saukowa lambu ya karɓa, ya sa a aljihun kwat, ya shiga mota ba direba, ya bi hanyar bakin teku. Sai yamma yake dawowa, hannu wofi. Shekara goma sha tara Elsie tana miƙa masa kwalbar. Ba ta taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Ya rasu a watan Satumba na 1968. A lokacin Gerald ya shekara goma sha takwas a majalisar wakilai, har ya shugabanci kwamitin noma, yanzu kuma kujerar ubansa tana jiransa a majalisar masu sarauta. Safiyar jana'iza Elsie ta shiga kicin ɗin babban gida ta zauna gaban Doris Ackroyd, mai girki, ƙawarta tun makarantar ƙauye.

"Ke kuma fuska kamar ke za a binne," in ji Doris. "Sha shayinki kafin ya huce."

"Doris, tun yaushe kike dafa wa Gerald abinci?"

"Tun yana satar kek a kan wannan teburin."

"Kin taɓa ganin kwalbar farko a gabansa?"

Doris ta ci gaba da shafa wa burodi man shanu, har ta gama yanka uku ba ta ɗago ba.

"Ni mai girki ce. Abin da ya fita ta ƙofar mota ba ruwana. Ki faɗi abin da ke cikin littafi, ki koma gidanki ki ja ƙofa. Shekararki hamsin da bakwai, 'yar Tordoff. Ina za ki? Wajen ƙanwarki a Bradford, a saman shagon kifi?"

Elsie ta san gaskiya Doris ta faɗa. In ta ambaci Hugh a gaban baƙin Landan, kafin ƙarshen wata kayanta na kan titi. In kuma ta ambaci Gerald ƙudan suka tashi, ba ƙuda ba Tordoff. Gaba kura, baya siyaki.

Ƙarfe huɗu na yamma aka sauko lambu, rana na nan da sauranta. Dangi, limamin coci, da baƙi masu dogayen huluna suka tsaya a kan ciyawa. Gerald ya ba ta mabuɗin, ya ja da baya taku ashirin. Shugaban kwamitin noma ne, amma tun yana yaro yake gudun harbi.

Sau ɗaya Elsie ta taɓa ganin wannan aiki ga Lod, a 1921, tana riƙe wa ubanta ƙyallaye. Ta tuna yadda da aka faɗi sunan sabon maigida ƙugin amyar ya ɗaga, kamar tukunya ta soma tafasa. Amsarsu ke nan.

Ta ƙwanƙwasa sau uku. "Maigidanku ya rasu," ta ce. Ta jero su daga Ralph mai gada har zuwa Aubrey gwamna. Sannan ta ƙarasa. "Na goma Gerald, ɗan majalisa. Shi ne maigidanku."

Ƙugin ya ɗauke.

Wanda bai yi kiwon zuma ba bai san amya ba ta yin shiru ba. Ko a tsakiyar hunturu, in ka kara kunne a jikin katakon za ka ji su can ciki. Elsie ta dafa murfin, ba ta ji komai ba. Ƙudan da ke bakin ƙofa suka tsaya inda suke, ba mai shiga ba mai fita. Ta wuce ta biyu, ta uku, har ta goma sha biyu. Kowace ta faɗa wa sunan sai ta ɗauke, har lambun ya zama ana jin ƙarar takalmin limami a kan tsakuwa.

Wata baƙuwa ta ce da mijinta abin ban sha'awa ne, har ƙwari sun san jimami.

"An gama, Tordoff?" Gerald ya tambaya daga inda yake.

"An gama, ranka ya daɗe."

Kwana uku ba ƙuda ɗaya da ya tashi, alhali furen tudu ya rufe duwatsu, sararin sama fes. A rana ta huɗu ta buɗe amyar farko ta same ta wayam. Zuma na nan cike da saƙa, 'ya'ya na nan a ramukansu, manyan ne babu. Ba gawa ko ɗaya a ƙasa. A rana ta shida ta biyu da ta uku suka bi sahu. Jami'in duba zuma na lardi ya zo ya ɗaga kowane katako, bai sami cuta ba. Ya rubuta cewa ba a san dalili ba, ya sha shayi ya tafi.

Rana ta bakwai Gerald yana Landan wajen rantsuwar kama kujera. Elsie ta hau kicin. Mabuɗin na rataye a bayan ƙofar ɗakin ajiya, inda yake tun kafin a haife su.

Doris ta dube ta, ta dubi ƙofar, ta cire ƙyallen girkinta.

"Zan je duba kaji. Kajin nan ba sa barina ƙasa da minti ashirin. Ni ban ga kowa ba, ban ji komai ba."

Da tsakar rana ne. Elsie ta durƙusa gaban amya ta huɗu, ita kaɗai a lambun, ta ƙwanƙwasa.

"Ƙarya na yi muku," ta ce. "Ku yafe ni." Ta sake jero salsalar daga farko, ba ta tsallake ko Henry mai zaman gida ba. "Na goma Hugh, soja. Ban san inda yake ba, amma shi ne maigidanku."

Ta daɗe a durƙushe. Sai ta ji shi a tafin hannunta kafin kunnenta, katakon yana rawa a hankali. Kafin ta kai ta ƙarshe ƙudan sun soma fita, sun nufi tudu. Ta mayar da mabuɗin kan ƙusarsa, Doris na can tana faɗa da kaji.

Amya tara suka rage, tara ɗin kuma suka zauna. Da Yuni ya zagayo Elsie ta cika kwalbar farko ta kai kicin ta ajiye, ba ta ce ta wane ba. Kwana biyu tana kan tebur. A na uku ta ɓace, mai kula da ƙofar shinge kuma ya ce ya ga sabon Lod ya fita shi kaɗai a mota, ya bi hanyar bakin teku. Haka aka yi ta yi shekara goma. Gerald yana jawabi a majalisa, ana buga sunansa a jarida, Lod Garsby na goma. Ko sau ɗaya bai sauko lambu ba.

A Yunin 1979, ranar Talata, Elsie ta kai kwalbar da safe kamar kullum. Tana cire ciyawa a gindin katanga agogon coci ya buga sha biyu. Yana gamawa ta lura ba ta jin komai. Ta miƙe. Ƙudan sun fito sun lulluɓe gaban amyoyin, baƙi ƙirin, ba motsi. Waɗanda ke dawowa daga tudu suna sauka a kan 'yan'uwansu su tsaya. Haka suka wuni, haka ta same su washegari.

Da hantsi ta ji tafiya a kan tsakuwa. Gerald ne, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya wuce inda ya tsaya a 1968, ya iso har gindin amya. A hannunsa akwai mabuɗi da baƙin ƙyalle. Ya zaro kwalbar daga aljihu ya ɗora a kan katanga, ba a buɗe ta ba.

"Hugh ya rasu jiya, da sha biyun rana," ya ce. "Ina kan hanya. Da na isa gidan jinyar da yake, sun riga sun lulluɓe shi da mayafi." Ya dubi ƙudan. "Shekara talatin da uku yana zaune a bakin taga ɗaya. Bai san sunansa ba, bai san ni ba. Zuman nan kaɗai yake ganewa."

Elsie ta dubi kwalbar da ke kan katanga.

"Na san abin da kika gaya musu wancan karon, Tordoff. Doris ta rataye mabuɗin a juye."

"Ni na rataye shi, ranka ya daɗe. Doris kaji take dubawa." Ta goge hannunta a jikin riga. A ranta tana lissafin akwatunan da za su ɗauki kayanta, da tsayin matakalar shagon kifi.

Ya miƙa mata mabuɗin. "Ki gaya musu. Yanzu gaskiya ce." Ta karɓa, sai ya riƙe ƙarshensa. "Na nawa za ki kira ni?"

"Na goma sha ɗaya."

"Littafi na goma ya ce."

"Ba su iya karatu ba, ranka ya daɗe."

Ya sakar mata. Ya cire hularsa ya tsaya a gefenta, ƙudan na tafiya a kan takalminsa. Ta ƙwanƙwasa sau uku, ta ce maigidansu ya rasu. Ta jero Ralph da Ralph da Edmund da sauran, ta zo kan na goma, Hugh, soja, ya zauna a bakin taga. Sannan ta faɗi na goma sha ɗaya.

Shirun ƙudan ya yi tsawo har Gerald ya rufe ido. Daga nan baƙin lulluɓin da ke gaban amyar ya soma motsi, ƙudan suka riƙa komawa ciki, ƙugin ya taso daga ƙasan katakon. Ya bi ta har amya ta tara yana riƙe mata ƙyallaye. An harbe shi sau biyu a wuya, bai ja da baya ba.

Ba wanda ya taɓa yi wa Elsie maganar barin gidan. Ba a gyara allon coci ba, ba a gyara jan littafin ba. Da Gerald ya rasu a 1986 ta sake yin aikin, tana da shekara saba'in da biyar, a gaban dangi da baƙin Landan. Ta ambaci Hugh a wurinsa da murya a sarari, ta kira Gerald na goma sha ɗaya, ta kira ɗansa na goma sha biyu. Sabon limamin ya raɗa wa na kusa da shi cewa tsufa ya rikita wa baiwar Allah ƙidaya, a ƙyale ta. Amyoyin tara duka suka amsa.