Ranar da Muka Ɗaga Hannu a Majalisa

Ɗana na uku ya yi ciwon daji a muƙamuƙi yana ɗan shekara biyar. Wata huɗu muka yi a asibitin Maraɗi, ni da shi, kuma yunwa ta fi komai gallabata. Da Allah ya ba shi lafiya muka dawo ƙauyenmu na kusa da Agiye, na rantse ba uwar da za ta sake kwana a gindin gadon ɗanta da ruwa kaɗai a ciki, in dai ina numfashi.

Mu tara muka fara, duk mata. Ba ma roƙon kowa. In kaka ta yi sai mu ajiye ƙwarya a bakin masussuka, wadda ta sheƙe geronta ta zuba abin da ranta ya so. Mu daka, mu yi gumba, mu haɗa da ƙuli-ƙuli da busasshiyar yakuwa. Ɗayanmu kuma ta raka uwar yaro marar lafiya da guzurin har Maraɗi, ta nuna mata ƙofar da ake bi. Iyakar ƙungiyar ke nan.

Ana nan sai ɗiyar ƙanen mijina, ƴar shekara shida, ta fara kumburin kumatu. Tun daga bakin zaure na gane irin ciwon ɗana ne. Na ce wa ubanta mu tafi asibiti gobe-goben nan, ya ƙi.

"Yaya, ku mata tara da ƙwarya guda, wa ya san ku?" in ji shi. "In wani abu ya samu ɗiyata can, wa zan tambaya? Ko takarda ba ku da."

Na fusata, na nuna masa ɗana yana korar awaki, na ce ga takardata can da ƙafa biyu. Bai motsa ba. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika masa ciki, amma a ranar da na samu muciya da na buga masa.

Don haka muka tafi ofishin magajin gari neman takarda. Sakatare ya rubuta komai a ofishinsa, ya ce sai majalisa ta zauna. Sati uku muna jira, ina kallon kumatun yarinyar nan yana ƙaruwa.

Ranar zaman ta faɗo ranar kasuwa. Muka sha lalle, muka ɗaura zannuwan salla, aka jera mu kan benci a bayan ƴan majalisa. Magajin gari ya karanta cewa majalisa za ta amince da ƙungiyarmu, ta gode mana, ta ba mu wani tsohon ɗaki mu riƙa ajiye gero. Sannan ya ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu.

Mu tara muka ɗaga, har da mai ɗaga biyu.

Sakatare ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, hannuwa sun fi kujeru yawa. Ɗaki ya ɗauki dariya. Wani dattijon ɗan majalisa ya juyo yana share hawaye.

"Inna, ku aka yi ma ƙuri'a, ba ku ka yi ba!"

"To, Alhaji, wa ya hi mu yarda?" na ce.

Aka sake, mu kuwa muka danne hannuwa a cinya kamar ƴan lakol a gaban malami. Ba wanda ya ƙi. Daɗi ya kama ni, kunya ma ta kama ni, na kau da kai wajen taga. Sai ga ƙanen mijina cikin ƴan kallo, da buhun waken da ya kawo kasuwa a gefensa. Hannunsa na sama. Kowa ya sauke nasa, shi ya manta.

Washegari ina shara na ji amalanke ta tsaya a ƙofar gida. Yarinyar na zaune a kai tare da uwarta, an naɗe ta da zane.

"Yaya, ke za ki raka mu," ya ce, idonsa na kan jaki.

Yanzu tana aji huɗu, bakin ya ɗan karkace, surutu kuwa sai an roƙe ta ta yi shiru. Takardar mai hatimi sai bayan sati biyu da tafiyarmu ta fito. Tana nan cikin kwallata, har yau bai ce in nuna masa ba.