Baba Ummaru da Wuƙar Rakena

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune bakin baro ina wanke rake. Lawali ne ya kira, ɗan Baba Ummaru. Ya ce, "Sanusi, Baba ya cika." Na ce wane Baba, alhali na sani.

Yanzu muka dawo daga raka shi. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da yadda rubutun ya zo. Shirun ne ba zan iya ba.

Masu bi ta tasha a Gusau sun san shi ko da ba su san sunansa ba. Dogon tsoho mai farar hula, kullum da 'yar jakar fata a hammata. Direba ne a da, ya yi ritaya. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne tara tsofaffin wuƙaƙe, irin na baƙin ƙarfe da maƙera suka buga da hannu. Yakan je kasuwar Tsafe, ya je ta Bungudu, ya bi mahauta da Fulani da wanzamai yana tambaya ko akwai ta kaka da aka jefar a lungu.

Wasu na yi masa dariya, wai mutum ya tsufa yana sayen tsatsa. Shi ma ya taya su dariyar, ya wuce abinsa.

Ni na lura da yadda yake duba wuƙa. Ba ya fara kallon kaifi. Bayanta yake shafawa da babban yatsa, ya ji sawun guduma. Sai ya riƙe ta sakwa-sakwa, ya ɗan ƙwanƙwasa da farce, ya kai kunne. Wani lokaci har shinshinawa yake. In aka miƙo masa 'yar kanti mai walƙiya, sai ya ce, "Wagga madubi ce, kai ma amarya."

Ranar da muka fara haɗuwa rake ya zo saya. Ina kankare masa, sai na ga ba raken yake kallo ba.

Ya ce, "Yaro, miƙo wagga wuƙa."

Na miƙa. Ya goge gindinta da bakin rigarsa, wurin da ƙarfe ya shiga ƙota. Akwai wata 'yar alama a nan, kamar sawun kaza, yatsu uku. Tun ina ƙarami nake ganinta, ban taɓa ɗaukarta komai ba.

Ya ƙura wa alamar ido.

"Ina kas samo ta?"

Na ce ta mahaifina ce. Shi ma rake ya sayar har ya rasu, a garinmu Wanke. Ya ce min a kasuwar Bungudu ya saye ta tun kafin ya auri Inna. Da ita da baron su ne gadona.

Ya ce, "Babana yaƙ ƙera ta. Maƙeri ne a Rawayya. Wanga sawu nashi ne."

Nan take ya taya. Na ce ba ta sayarwa ba ce. Ya ƙara, ƙari irin wanda zai sai min sabon baro da canji. Na ce Baba, ka yi haƙuri. Ya ɗauki rakensa ya tafi. Na zaci shi ke nan.

Washegari ya dawo. Daga nan kuma bai fasa ba, shekara da shekaru.

Gaisuwarmu ma ta zama iri guda. Ya ce, "Sarkin rowa, ina kwana? Ya 'yar uwata ta kwana?" Wuƙar yake nufi, wai ubansu ɗaya. Ni kuma in ce, "Lafiya lau take, ta ce a gaishe ka, amma ba ta zuwa." Sai ya ce, "Ja'iri. Yanko min gaɓa biyu, wajen gindi."

Abin da ke damunsa ba wai mallakarta kawai ba ne. Wuƙar rake kullum sai an wasa ta, kowane washi kuma yana cin ƙarfe. Ya ce lokacin da ta fito daga maƙera faɗinta ya kai yatsu uku. A hannun mahaifina ta rame, a hannuna ta ƙara ramewa. Kaifin na hawa sama a hankali, yana matsowa wurin sawun kazar. Duk zuwan da zai yi sai ya ɗora farcensa tsakanin kaifi da alamar, ya auna, ya girgiza kai.

Wata rana ya tarar na kai ta wurin mai injin washi. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Mi tai maka? Inji wuta shika sa mata, shi kashe ƙarfen!"

Kashegari ya kawo min dutsen washi mai laushi da wani guntun fata. Ya tsuguna a ƙasa, da tsufansa, ya nuna min: ruwa kaɗan, hannu sako-sako, kamar kana shafa kan jariri. In an tashi aiki a wanke ruwan rake, a busar, a ɗan shafa man gyaɗa. Ya ce baƙin da ta yi kar in kankare shi, shi ne rigarta.

Kun ga mutumin da na hana abin da yake so, shi ne kuma yake koya min yadda zai daɗe a hannuna.

Ba nan kaɗai ba. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya zauna bakin barona don kar raken ya bushe a banza. Masu saye suka ba ni labari wai rabin raken yake kankarewa ya zubar. Da na tsokane shi, ya ce, "Ni direba ne, wa yac ce maka na iya?"

Da matata ta haihu, ranar suna da wuƙar yanka rago daga cikin nasa ya zo, ya miƙa wa liman. Aka gama, ya wanke abarsa da kansa, ya naɗe, ya ci tuwo ya sa wa yarinya albarka.

Sau ɗaya ya shigar da ni ɗakinsa ya buɗe min adakar da yake tara wuƙaƙen. Kowace wuƙa a naɗe cikin tsumma mai maiƙo. Ga ta fiɗa, ga askar wanzami, ga ta Fulani cikin kube wanda fatarsa ta yi baƙi don tsufa. Ya san wadda aka yi da sifirin mota, ya san wadda aka yi da ƙarfen layin dogo. Akwai wata 'yar gajera mara kyan gani, ya ce ita ce babbarsu, don da tama aka yi ta, tun zamanin da maƙera ke narka dutse da kansu. Kowace ya san garin da ta fito, wasu har sunan maƙerin.

Na ce, "To ina ta babanka?"

Ya rufe adakar tukuna. Ya ce babu ko ɗaya.

Ya ce yana saurayi ya gudu daga maƙera, don hayaƙi da zuga sun ishe shi, mota yake so. Yana kan hanyar kudu tsohon ya rasu, ko jana'iza bai samu ba. Kafin ya waiwayo, maƙerar ta watse, kayan aiki an raba. Ya ce, "Duk waɗanga da kag gani, neman guda ɗaya ya tara su."

Tun ranar maganar ta tsaya min. Amma nima duk lokacin da na riƙe ƙotar nan, wurin da yatsun mahaifina suka lotsa itacen nake riƙewa. Na kasa. Shi kuma bai sake tayawa ba, sai dai tsokana.

Bana, da rake ya shigo, na duba wata safiya na ga kaifi ya taɓa sawun. Yatsa ɗaya na kazar ya fara tafiya. Kwanakin nan ne kuma Baba ya daina fitowa, aka ce ƙafa ta kumbura, an je asibiti an dawo.

Na je Wanke na gaya wa Inna abin da ke raina. Ta ce, "Ubanka ya ci abinci da ita, kai ma ka ci. Kai mishi."

Na naɗe ta a sabon ƙyalle na tafi gidansa da hantsi. Yana kishingiɗe a zaure kan tabarma, ya rame ƙwarai. Da ya gan ni ya ce, "A'a, sarkin rowa da kansa. Wa ka bar ma baro?"

Na ajiye ta gabansa. Na ce, "Baba, 'yar uwarka ta zo gida. Ba saye ba, ba aro ba. Taka ce."

Ya warware ƙyallen. Ya shafa bayanta, ya ɗora farce kan sawun, ya ga yatsan da ya tafi. Bai yi faɗa ba. Ya ɗora ta a ƙirjinsa ya rufe ido, har na zaci barci ne ya ɗauke shi. Can ya ce, "Har warin gawayin nika ji."

Ya sa Lawali ya ɗauko min wata daga adaka don in riƙa aiki. Da zan tafi ya ce, "Allah shi yi maka albarka, Sanusi." Ban taɓa jin ya kira sunana ba sai ranar.

Wannan ne ganina da shi na ƙarshe.

Shekaranjiya sai ga Lawali a bakin baro da ƙyallen nan. Na buɗe, wuƙata ce. Ƙotar da ta tsage an ɗaure ta tsaf da jan fata, an bar wurin lotsawar yatsu a buɗe. Lawali ya ce Baba da kansa ya yi, a zaune, yana yi yana hutawa, ya hana kowa ya taɓa.

Na ce ai kyauta na ba shi.

Lawali ya ce, "Ya ce in gaya maka ya gan ta ya ƙoshi. Ya ce duk na cikin adaka sun gama aikinsu, wagga kaɗai ce ta babanshi da ke fita kasuwa kullum. Ya ce kar ka kuskura ka aje ta. In sawun zai ƙare, shi ƙare wurin aiki."

Raina bai so ba. Na ce bari in sami sarari in je mu yi ta, don na shirya masa amsa. Wallahi har na tsara yadda zan tsokane shi, in ce yanzu wane ne sarkin rowa, mai hana a yi masa alheri.

Ban samu na je ba.

Tun da ta dawo ban yanka komai da ita ba. Tana nan a naɗe, ina kallonta ina tunanin yatsu biyun da suka rage na sawun kazar. Raina na cewa in ɓoye ta. Amma mai ita ya riga ya yi magana, kuma babu sauran wurin da zan kai gardama.

Gobe da safe in Allah ya kai mu zan jiƙa dutsen in wasa ta. Zan tura baro zuwa ƙofar gidansa, duk wanda ya zo gaisuwa in yanka masa rake sadaka har ya ƙare.

Allah ya jiƙan Baba Ummaru, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya haɗa shi da mahaifinsa a Aljanna, ya jiƙan nawa mahaifin. Allah ya ba Lawali da sauran iyali haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.