Munduwar Inna

Sammani, malamin kimiyya a Isa, ya tsufa yana neman garin tagullar da zai jure wuta, ya mai da karan gero sinadari mai amfani. Da tagulla ta yanke masa, sai ya roƙi munduwar tagullar da mahaifiyarsa ta gada.

"Gwadi kawai za ni yi, Inna."

Ta ɗauka aunawa zai yi ya maido. Shi kuwa ya narkar da ita cikin asid. Garin da ya samu daga ciki ya yi aiki sau uku, ƙarfinsa ya mutu.

Har ta rasu ba ta tambaya ba. In ya durƙusa gaishe ta, sai ta shafa shatin munduwar a hannunta, ta ce, "Allah shi ba da sa'ar gwadi."

Bai taɓa iya cewa amin ba.