Inji Biyu Zuwa Jidda

Shekarar da Baba ya samu kujerar Makka soja ke mulki, an tsuke komai, kujerun ma an rage su. Ni kuwa gyaran injin ban-ruwa nake yi a fadamun rake na wajen Gubuci, ina jin kaina masanin inji, alhali karatuna bai wuce firamare ba.

A wurin bita a Makarfi jami'in alhazai ya ce jirgin su Baba mai inji biyu ne, kuma daga Kano sai Jidda, ba zai sauka ko'ina ba. Hankalina ya tashi. A fadama ba ma barin inji ya wuni yana aiki; in ya yi zafi a kashe shi, a kunna ɗan'uwansa. Na lissafa a raina cewa biyun nan tare za su yi ta aiki har su ƙone a saman hamada.

Da muka dawo gida na durƙusa gabansa na ce, "Baba, a haƙura da bana. Baɗi sai a nemi mai inji huɗu, wanda ke yada zango ya huce."

Ya dube ni yana matsa gwiwarsa mai ciwo. "Injiniyan fadama, sau nawa ka shiga jirgi?"

"Ban taɓa ba, Baba. Amma inji duk inji ne."

"To ni tsanin hawa jirgin nake tsoro. Sau ɗaya zan iya hawansa. In aka ce sauka, hau, sauka, a hanya za a bar ni."

Ban daddara ba. Na zaga na tsorata Inna, ta kwana biyu ba ta cin abinci, abin da har yau nake neman gafararta a kai. Na kuma koma wurin jami'in da niyyar ƙure shi. Ya saurare ni, ya ce iskar can sama sanyi gare ta, ita ke ratsa injin, kuma injin ya fi shan wahala a lokacin tashi da sauka. An ƙera jirgin yadda ko ɗaya ya mutu, ɗayan zai kai shi filin sauka. Na gane gaskiyarsa, amma girman kai ya hana ni gaya wa Baba.

Ya tafi abinsa. Da ya dawo ya ce abinci ya ci, ya yi barci, aka tashe shi wai an iso. Wani maƙwabcinmu daga Kudan da jirginsu ya tsaya shan mai, zaman jira cikin zafi ya kumbura masa ƙafafu tun kafin ya fara ɗawafi.

Yanzu duk mai tsoho da ya tambaye ni, ina ce masa ya nemi jirgin da ba ya tsayawa. Baɗin da na so Baba ya jira, ko masallacin ƙofar gida sai an riƙe shi yake zuwa.