Gayyar da ta Bar Ƙanena a Fili

Ƙanena ɗan ƙwallo ne, kuma a shekarar da nake magana yana buga wa wani kulob a rukuni na biyu na gasar ƙasa. Wannan rukuni ba kasafai ake nuna shi a talabijin ba. 'Yan wasa su wuni a mota, su sauka da kumburarriyar ƙafa, su shiga fili a haka. Amma daga nan ake hango rukuni na ɗaya, kuma wanda ya fi kowa zura ƙwallo a raga shi manyan kulob ke fara nema. Da kakar wasa ta zo gangara, ƙanena da wani yaro ɗan kudu ne a sama, kunnen doki, saura wasanni kaɗan.

Ni ban san komai a ƙwallo ba sai abin da maigidana yake kwaso mini daga majalisarsu ta bakin tasha a Bebeji, inda yake sayar da kayan babur. Kullum da labarin ƙanena yake shigowa, yana bugun ƙirji kamar shi ya haife shi.

A daminar nan ruwa ya sauka da wuri, ciyawa ta taso wa masarar Baba a Tudun Wada, shi kuma bayansa ya riƙe, ko ruku'u da ƙyar yake yi. Mu biyu Allah ya bar masa, ni da autan nan. Na je duba shi, muna gama gaisawa ya ce, "Ranar Juma'a in an sauko masallaci ki kira mini yaron nan, ya zo ya yi noma."

Na ce, "Baba, ko a ɗauki 'yan ƙwadago?"

Ya ce, "Ina da ɗa namiji a raye, in sa bare a gonata? Garin nan ya ce me?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san ƙanena. Bai taɓa musu da Baba ba, kuma in aka ce Baba na kira, ko ana tsakiyar wasa ne zai cire takalmi ya nufi tasha. Na kuma san koci ba zai jira shi ba. Shekarun da yaron nan ya yi yana gudu a rana za su tafi a banza saboda ciyawa.

A motar komawa Bebeji dabara ta faɗo mini. Da tsohuwar zuma ake magani. A wajenmu, suruki yakan tara abokansa su je su nome gonar uban matarsa a wuni guda, kuma gayyar suruki ba a mayar da ita, don akwai kunya a tsakani. Ba haya ba ce balle a ce an sa bare.

Da na faɗa wa maigidana, sai da ya ajiye lomar da ke hannunsa. "Ni? Gayya? Ai rabona da fartanya tun ina neman aurenki."

Na ce, "To Malam, sai ka sake nema. Waɗannan da kuke zama kuna tada jijiyar wuya a kan ƙwallayen yaro, su zo su taya shi da hannu, bakin ya isa haka."

Ya yi ta ƙunƙuni, amma ya yi. Ranar Alhamis da sassafe mota ta tsaya a ƙofar gidan Baba a Tudun Wada cike da mutane, 'yan majalisar tasha da wasu samari daga Kiru da Badafi, har da wani makaɗi ɗan Doguwa da ya ji labari ya biyo su da gangarsa. Ni dama a can na kwana; tun asuba ni da Inna muke tuƙa tuwo, ga kunun tsamiya a manyan robobi. Maigidana ya cire takalmi daga zaure, ya durƙusa, ya ce, "Baba, na zo da abokaina ne mu ɗan taɓa gona."

Baba bai dube shi ba, ni ya duba. Kallon nan ya daɗe. Can ya ce, "Allah ya yi albarka."

Noman dai kada a tona. Mutanen da suka san sunan kowane ɗan wasa a duniya, wasunsu sun manta yadda ake bin kunya. Wani ya kai sara ya ɗauke masara ya bar ciyawa tana kallonsa. Maigidana kafin hantsi ya dubi ludayi tafin hannunsa ya yi bororo, ya koma gindin ɗorawa yana ba da umarni, ga tumbi a gaba. Da ba don samarin Badafi da makaɗin nan da ya yi ta zuga su ba, da mun ji kunya. Duk da haka kafin la'asar gona ta fito fes.

Aka ɗauko Baba a babur ya zo dubawa. Ya bi kunya a hankali da sandarsa, yana tsayawa duk inda aka sare masara. Ya sa sandar ya juya wani kara da ke kwance, ya girgiza kai. Na ce a raina shi ke nan, gobe sai na yi kiran nan. Ya kai ƙarshen gona ya dawo, ya tsaya kusa da ni.

"Ba sai kin kira shi ba," in ji shi. "Amma ki gaya wa mijinki ya riƙe kayan babur ɗinsa da kyau."

Na zauna a kan kunya, zanina duk ya yi laka, ban damu ba. Ban taɓa jin sanyi a zuciyata irin na ranar ba.

Ƙanena bai san an yi ba sai daga baya. Ya buga wasanninsa har na ƙarshe, ya ci ƙwallo, amma yaron nan ɗan kudu ya fi shi ci, shi ya zo na ɗaya. Na yi zaton zan ji haushi, sai na ga ban ji ba. An bar ƙanena ya gama abin da ya fara, kuma wani kulob na rukuni na ɗaya ya kira shi gwaji.

Ni na kai wa Baba labarin. Yana zaune a zaure, ya saurare ni har na gama, ya ce madalla. Ya ɗan ja carbi, sannan ya ɗago kai.

"Shi wancan yaron da ya wuce shi, ubansa ba shi da gona ne?"