Katin Asibitin 'Yar Ƙanwata

Lokacin da aka kawo inshorar lafiya ta ma'aikata, ina aikin buga takardu a wani ofis a Samaru, muna haya a Jushi. Mijina tela ne a kasuwar Sabon Gari. 'Ya'yanmu huɗu, sai ta biyar, 'yar ƙanwata wadda uwarta ta rasu wajen haihuwarta. Tana cikin zanen goyo na ɗauko ta daga Wusasa, ba ta san wata uwa ba sai ni. Tana da sikila. Da damina ta kankama ƙasusuwanta za su fara ciwo, in goya ta zuwa bakin titi neman acaɓa, ƙafafunta na dukan gwiwoyina don ta wuce goyo.

Shi ya sa ranar da aka tara mu a ɗakin taro na zauna a layin gaba. Wani jami'i ya yi bayani, sannan aka shiga tambayoyi. Direbanmu ya ce uwarsa fa, mai hawan jini? Aka ce babu iyaye. Masu shara suka tambaya ko da 'yan wucin gadi, aka ce sai wanda aka tabbatar da aikinsa. Wani dattijo da ya kusa ritaya ya tambayi makomarsa, jami'in ya ce ana duba wannan. Abin da ya tsaya shi ne ma'aikaci, da mijinsa ko matarsa, da 'ya'ya huɗu da ba su kai sha takwas ba.

Na ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, in mutum na da biyar fa?"

"Sai ki zaɓi huɗu, Madam. Amma na cikinki."

"Wadda nake riƙo fa? Marainiya ce."

Ya ce ya tausaya, amma haka dokar ta zo.

A bas ɗin komawa gida, matar da muke ofis ɗaya ta ce mini, "Ke ma dai da tone-tone. Wa ya aike ki? Da kin yi shiru kin sa sunanta, wa zai bi ki gida ya duba?" Na riga na faɗa a gaban kowa, kuma takardar haihuwar yarinyar sunan ƙanwata take ɗauke da shi.

Ran Asabar muka je ɗaukar hoton fasfo na katin inshorar a wani shago kusa da kasuwa. Ban gaya wa yaran komai ba. Ita ce ta fara shiryawa, ta sa rigarta ta zuwa coci, ta ce in gyara mata kitso. Da mai hoto ya gama da huɗun, ta hau kujera da kanta ta miƙe wuya. Mijina ya dube ni, na kawar da kai. Ya ce wa mai hoton, "Ɗauke ta."

Katunan sun daɗe kafin su fito. Da na kawo su gida yaran suka yi ta ƙwace-ƙwace suna dariyar kunnuwan juna. Ta jira har aka gama, sannan ta ce, "Mama, ina nawa?"

"Naki bai fito ba tukuna."

Ba ta sake tambaya ba. Daga baya na gane babban yayanta ya gaya mata dalili.

Haka muka ci gaba. Huɗun nan lafiyarsu ƙalau, in ban da zazzaɓi jefi-jefi, katunansu na cikin gwangwanin allurar babansu. Ita kuwa in ciwon ya tashi sai mu bi layin masu biya a asibiti. Wani lokaci in bar ta a gado da ledar ruwa a hannu, in ruga Samaru in sa hannu a ofis, in dawo ta Hanwa in sayi kunu. Na sha yin barci a kan keken rubutu.

Da babban ya cika sha takwas aka cire shi, na koma wurin jami'in na ce ga gurbi ya samu. Ya ce gurbin ba ya canja dokar. Amma akwai hanyar ƙara wanda kake riƙo, a riƙa cirewa daga albashi, sai dai umarnin bai iso musu ba. Na yi ta zuwa. Har ya kai in ya hango ni daga ƙofa sai ya girgiza kai kawai, in juya ba tare da na shiga ba. Ban taɓa jin haushinsa ba, shi ma gajiyar ce a fuskarsa.

Tana aji biyu na babbar sakandare katin ya fito. Na kai mata tana wanke-wanke a tsakar gida. Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta juya shi gaba da baya.

"Har yaushe zai yi aiki?"

"Sai kin cika sha takwas."

Ta lissafa a zuci ɗan lokacin da ya rage mata. Ta ce, "To, ba laifi," ta miƙo mini in ajiye mata, ta koma kan tukwanenta.